Garin da ke cikin kwamfuta: me ya sa annoba ɗaya take ba ni amsa goma?

Abba Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, taimako nake nema. Aikin kammala karatuna a kan kwaikwayon yaɗuwar ƙyanda ne a kwamfuta. Na yi amfani da manhajar NetLogo na gina ɗan gari mai mutum 5,000. Kowane mutum ɗigo ne a allo, yana da shekarunsa, yana da gidansu, wasu an yi musu rigakafi, wasu ba a yi ba. Mai lafiya kore ne, wanda ya kamu ja, wanda ya warke ruwan toka. Sai in saka yaro ɗaya mai ciwon a tsakiya in danna, in zuba ido.

Ga abin da ya hana ni barci. Jiya da daddare na danna sau goma, ban taɓa komai ba, lambobin nan dai su ne. Sau uku ciwon ya tsaya a gida ɗaya ko biyu ya mutu. Sau bakwai kuwa unguwanni suka yi ja wur. Na bi rubutun manhajar layi-layi har asuba ban ga kuskure ba. Wanne zan kai wa malamina a matsayin sakamako?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Abba. Kwantar da hankalinka, manhajarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka gani shi ne ma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro irin wannan kwaikwayon tun farko.

Tsohuwar hanyar lissafin annoba ta Kermack da McKendrick ce, 'yan Sikotilan biyu da suka wallafa ta a 1927. Su tukwane uku suka girka: ta waɗanda za su iya kamuwa, ta waɗanda suka kamu, da ta waɗanda suka warke ko suka rasu. Sai a lissafa yadda mutane ke kwarara daga wannan tukunya zuwa waccan. Hanya ce mai kyau, har gobe ana aiki da ita, amma ta ɗauka cewa jama'a a gauraye suke kamar sukari a shayi, wato damar da kake da ita ta haɗuwa da ƙanenka na ɗaki ɗaya daidai take da ta haɗuwa da wani tsoho a ƙarshen gari. Kuma ko sau dubu ka buga ta amsa ɗaya za ta ba ka.

Naka kuwa kwaikwayon ɗaiɗaiku ne. Duk lokacin da ɗigo biyu suka haɗu, kwamfuta ƙuri'a take jefawa, ya kamu ko bai kamu ba. To duba lissafin. Mai ƙyanda ɗaya, a cikin jama'ar da ba su da kariya sam, yakan harbi mutum 12 zuwa 18. Mu ɗauki 15. Idan kashi 80 cikin 100 na garinka suna da kariya, saura 3 ke nan. A lissafi mafi sauƙi, idan mai ciwo yana harbin mutum 3 a matsakaici, damar ciwon ya mutu tun a farko kusan ɗaya ce cikin uku. Ka ga naka uku cikin goma bai yi nisa ba. Kada ka kai wa malaminka gudu ɗaya. Ka sa ta yi sau 500 ko 1,000, ka nuna masa sau nawa aka tsira, sau nawa aka yi annoba, da girman kowacce.

Abba Ɗalibi:
Allah ya saka da alheri Malam. Kashi 80 ɗin ma na saka kuwa. Wallahi na ji sanyi.

Alhaji na Kwari:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ɗan boko ba ne sosai. Abin da za a tambaye shi sau goma ya ba da amsa goma, ina bambancinsa da mai duba da ƙasa? Gobe Allah kaɗai ya san ta. Irin wannan lissafin ne aka ce an duba aka kulle mu a 2020, lokacin korona. Shagona ya yi makonni a rufe ana cikin azumi, atamfa da shadda na sallah suna jibge, yarana shida da ke ci a ƙarƙashina ba ko sisi. Wani maƙwabcina a layi bai sake buɗewa ba har yau. Kwamfutar ta lissafa wannan?

Ustaz Ɗan Zariya:
Alhaji, gaibu na Allah ne, babu ja. Amma auna abin da ka iya faruwa don a yi shiri daban yake da duba. Manomi ma yana kallon hadari ya kwashe shanya. Kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa idan kuka ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta auku kuna ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka yi masa magana ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Maganarka ta biyu ce mai nauyi, ita nake so masana su amsa.

Injiniya Mai Kwamfuta:
Ranka ya daɗe Alhaji, bari in faɗi abin da ya faru a inda aka fi yin wannan rigimar, wato Ingila. Ranar 16 ga Maris 2020 tawagar Farfesa Neil Ferguson ta Kwalejin Imperial da ke Landan ta fitar da rahoto. Ya ce idan ba a ɗauki wani mataki ba, kuma mutane ba su sauya halinsu ba, korona za ta iya kashe kimanin mutum 510,000 a Birtaniya da miliyan 2.2 a Amurka. Mako guda bayan nan, ranar 23 ga wata, aka kulle Birtaniya. Jaridu suka ɗauki lambar, suka yar da kalmar "idan". Ita kuwa wannan kalmar ita ce rahoton gaba ɗaya.

Manhajar tasu irin ta Abba ce, sai dai ƙatuwa. Asalinta ba don korona aka rubuta ta ba, don murar tsuntsaye ce. A 2005 sun yi amfani da ita suka kwaikwayi mutum miliyan 85 a Tailan da kewayenta, suna tambayar ko za a iya kashe sabuwar mura tun tana ƙauye. Da aka saki rubutunta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji, a 2020, mu masu rubuta manhaja mun yi ta suka, don dubban layuka ne da aka yi shekaru ana ɗora wa juna ba cikakken bayani. Sukar tana da hujja. Amma da wani masani a Jami'ar Kambirij ya sake gudanar da ita da kansa, lambobin da ya samu sun yi daidai da na rahoton.

Abin lura shi ne me ke cikin garin nata. Gidaje, makarantu, wuraren aiki, sai cuɗanyar gari. Ta ƙirga gadajen asibiti da masu mutuwa. Asarar mai shago ba ta cikin lissafin, don ba a gina ta ta amsa wannan tambayar ba.

Alhaji na Kwari:
To ka ga maganata ta fito.

Malamin Lissafi:
Rabinta ta fito, Alhaji, kuma rabin mai ƙarfi ne. A Birtaniya rabin jama'a sun haura shekara 40. A Najeriya rabinmu ba su kai 20 ba, ita kuwa korona tsofaffi ta fi kayarwa. Can gida mutum biyu ne ko uku, kuma gwamnati ta biya wa ma'aikata kaso mafi yawa na albashi suna zaune. Nan wanda bai fita yau ba tukunyarsa ba za ta hau wuta ba. Duk wanda ya ɗauko amsar garin Landan ya ɗora wa Kano ya yi kuskure ko da lissafinsa bai da aibi. Inda ban bi ka ba shi ne cewa a watsar da abin. Wanda ya yanke hukunci ba tare da kwaikwayo ba shi ma yana da lissafi, a kansa yake, ba wanda zai iya buɗewa ya duba. Na kwamfuta ko banza ana iya cewa nuna mana abin da ka saka.

Maman Fadila:
Sannunku da muhawara. Ni shekarata goma sha tara ina aikin rigakafi a ƙaramin asibiti, kuma Abba kai nake so in yi wa magana. Ɗigoginka yaya suke yawo? In dai kai-komo suke yi a allo kamar kiyashi, to ba garinmu ka gina ba.

Bari in ba ka abin da nake gani. Ƙyanda tana fara harbi tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin uwa tana cewa mura ce da jan ido. A wannan kwanakin an goya yaron an je suna, ɗaki ɗaya mata ashirin da jarirai, taga a rufe saboda sanyi. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Da ƙuraje suka feso aka ce baƙon dauro ne, sai a ɓoye shi a ɗaki, amma 'yan dubiya ba sa yankewa, kowacce da goyonta. Yayyensa kuma da safe suna boko, da yamma suna Islamiyya, da dare suna makarantar allo, yara iri uku daban-daban a rana ɗaya. Gidan ma ba na mutum biyar ba ne. Akwai gidan da na shiga na ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara biyar su goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, randa ɗaya.

Sai batun kashi 80 ɗin nan naka. A takarda haka ake rubutawa, amma ba a warwatse marasa rigakafin suke ba. A dunƙule suke. Unguwa kaza kusan kowa ya yi, rugar da ke bayan rafi ba wanda ya yi, wani layin kuma maigida ɗaya ne ya hana, gidaje shida suka bi shi. Akwai kuma abin da mu ma'aikata muke jawowa. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, in aka haɗa ta dole a zubar da ragowar bayan awa shida. Sai mace ta taho daga nesa da ɗanta ɗan wata tara, a ce mata ta dawo ranar da yara suka taru don kada a yi asarar kwalba. Wata ta dawo, wata ba ta dawowa. Na sha ganin wannan da idona, kuma yana ci mini rai.

Abba Ɗalibi:
Mama, gaskiya yawon kiyashin suke yi. Gidajen ma mutum biyar-biyar na yi musu, don haka na gani a misalin da na koya da shi. Marasa rigakafin kuma kwamfuta ce ta barbaza su.

Injiniya Mai Kwamfuta:
Ba kai kaɗai ba ne, ƙanena. Shekaru da dama, alƙaluman wa-ke-haɗuwa-da-wa da masu bincike suka fi dogara da su daga wani nazari ne na 2008 da aka yi a ƙasashen Turai takwas, inda mutum sama da 7,000 suka rubuta duk wanda suka yi hulɗa da shi a rana guda. Ƙasashen da ba a yi irinsa ba, sai a ɗauko na Turai a gyaggyara da ƙidayar jama'a. Mu kuma ƙidayarmu ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce. Ka kwatanta da abin da aka yi a Amurka: masana na cibiyar Los Alamos sun gina birnin Fotlan na jihar Oregon a kwamfuta, mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, kowa da inda yake zuwa daga safe zuwa dare, suka saki agana a ciki don su ga wane mataki ya fi. Sun iya ne domin tun farko an tattara bayanan zirga-zirgar birnin saboda tsara tituna.

Ɗan Damagaram:
Barkanku da hira, ina gaida manya. Hajiya Maman Fadila ta faɗi na cikin gida, ni kuma in ƙara na hanya. Mu nan Nijar kowa ya san lokacin ƙyanda, rani ne. Da damina ta kankama sai ta yi ƙasa. An daɗe ana cewa zafi ne ko iska. Amma masu bincike sun duba wani abu daban. A 2011 wata masaniya mai suna Nita Bharti da abokan aikinta suka wallafa nazari a kan Yamai da Maraɗi da Damagaram. Hotunan tauraron ɗan'adam na dare suka duba, suna auna hasken wuta da na fitilu a unguwanni. Suka ga hasken yana ƙaruwa da rani yana raguwa da damina, kuma yaɗuwar ƙyanda tana hawa da sauka tare da shi. Ma'ana 'yan cin rani ne. An gama girbi, mutanen karkara sun cika birni, an cunkushe a 'yan unguwanni, ciwo ya samu itace. Ruwa ya sauka, kowa ya koma gona.

Ni abin da ya taɓa ni a labarin nan shi ne sai da aka hau sama da tauraro kafin a auna abin da kakata ta sani tana zaune a bakin murhu. Don haka Abba, garinka yana bukatar tasha. Mutane su shigo bayan kaka, su fita da ruwan farko, wasu da iyalansu.

Maman Fadila:
Haka yake. Mu ma daga sanyi zuwa bazara ne layin ke cika.

Ustaz Ɗan Zariya:
Wannan ya tuna mini da watan Afrilu da Mayu na 2020, da jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A Kaduna an gwada waɗanda aka dawo da su aka samu da dama suna ɗauke da korona. Da akwai wanda ya gwada wannan matakin a garin kwamfuta tukuna, yara da yawa a mota ɗaya na sa'o'i, sannan a raba su ƙauyuka, ina ganin da an sake tunani.

Baba Ɗan Ringim:
Yara, jikana ne ke karanta mini yana rubuta abin da na ce. Na ji kuna ta ambaton Landan da Amurka. Ina yaro a wajen kakannina a ƙasar Garki, wasu mutane sun yi shekaru suna zuwa garuruwan nan da motoci. An rubuta lamba a ƙofar kowane gida. Sukan tara mu a gindin bishiya, a kira sunan mutum a littafi, a soki yatsa, a shafa jinin a ɗan gilashi. Da sassafe su shiga ɗaki su shimfiɗa farin ƙyalle, su fesa magani, su tsince sauron da ya faɗo ɗaya bayan ɗaya su zuba a ɗan gwangwani. Akwai ma waɗanda aikinsu su zauna da dare da ƙafa a buɗe suna kama sauron da ya sauka. Mu dai muna kallo. Shin wannan yana da dangantaka da abin da kuke faɗa?

Malamin Lissafi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ai kai ne ka zo da kan zancen. Abin da ka gani shi ne Aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976. Lokacin Garki tana cikin jihar Kano, yanzu Jigawa. Tambayarsu ita ce: a irin wannan yanki na savana, za a iya katse zazzaɓin cizon sauro idan aka haɗa feshin ɗakuna da raba magani ga kowa? Duk mako goma ana ɗibar jinin mutanen ƙauyukan da aka zaɓa, ana bin mutum ɗaya shekara da shekaru. A daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshin da wani magani mai suna propoxur, wasu ƙauyukan aka haɗa musu da ƙwayoyi.

Ciwon ya ragu ƙwarai inda aka haɗa biyun, amma bai katse ba, kuma da aka daina ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sauron ba halinsu ɗaya ba. Wasu in sun ciji mutum sai su huta a bangon ɗaki, maganin ya kashe su. Wasu kuwa waje suke fita su huta, feshi bai same su ba, su ne suka ci gaba da riƙe ciwon. Ka ga darasin da Maman Fadila ta ba Abba ke nan, sai dai a kan sauro: matsakaici yana ɓoye 'yan tsirarun da ke riƙe da wutar.

Daga wannan aikin Dietz da Molineaux da Thomas suka fitar da lissafinsu na maleriya a 1974. Kuma har yau manyan manhajojin kwaikwayon ɗaiɗaiku na maleriya, irin su OpenMalaria ta cibiyar binciken cututtukan wurare masu zafi da ke Basel a Suwizalan, da EMOD ta wata cibiya a Amurka, an daidaita su da bayanan Garki. Wato idan mutumin kwamfuta ya kamu da zazzaɓi, yadda ƙwayar ke hawa da sauka a jininsa, da yadda jikinsa ke sabawa da ita yana girma, an auna shi da jinin mutanen ƙauyukanku. Mai yiwuwa har da naka, Baba.

Baba Ɗan Ringim:
Ikon Allah. Shekara hamsin ban san inda jinin nan ya tafi ba.

Alhaji na Kwari:
To ni wannan ya ƙara ɓata mini rai ma. Jini namu, sauro namu, ilimin yana Suwizalan. Mu me muka samu?

Injiniya Mai Kwamfuta:
Ɓacin ran yana da wuri, Alhaji, amma ƙofar ba a kulle take ba. OpenMalaria da EMOD duk kyauta suke a intanet, haka Covasim da aka rubuta don korona, wadda kwamfutar cinya ta talaka za ta iya ɗauka. NetLogo da Abba ke amfani da ita ma kyauta ce tun da Uri Wilensky ya fitar da ita a 1999. Kuma an fara dawo da abin gida: wajen tsara shirin yaƙi da maleriya na ƙasa na 2021 zuwa 2025, an yi amfani da EMOD tare da masana na Jami'ar Northwestern aka gwada haɗe-haɗen matakai a ƙananan hukumomi 774, ina gidan sauro zai fi amfani, ina za a faɗaɗa maganin damina da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da ya rage mana shi ne masu zama su koya, da masu tattara bayanan da za a zuba. Na biyun ya fi wuya.

Maman Fadila:
Bayanan suna nan, Injiniya, a rijistocinmu. Suna, unguwa, shekaru, ranar da ƙuraje suka fito. Ana tattara jimilla a tura sama a ƙarshen wata, littafin kuma a jefa shi a kwali. Na taɓa buɗe kwalin shekaru huɗu na tarar gara ta cinye rabi. Na zauna na yi shiru, don na san hannuna nawa ne a ciki.

Ɗan Damagaram:
Sai dai a yi hattara. Sunan mutum da ciwonsa amana ne. In za a ba ɗalibi, a cire suna a bar unguwa da shekaru, kuma da izinin hukuma.

Likitan Ƙauye:
Na makara, amma akwai abu ɗaya da ban ga an taɓo ba: mutanen kwamfuta ba sa jin tsoro. A Satumbar 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce idan ba a ƙara ƙoƙari ba, masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015. Lissafin dunƙule ne, ba na ɗaiɗaiku ba. A ƙarshe duka annobar Afirka ta Yamma ta tsaya a kusan mutum 28,600, sama da 11,300 suka rasu. Taimako ya zo, an buɗe cibiyoyin jinya, kuma jama'a da kansu sun sauya yadda suke jinya da wankan gawa. Joshua Epstein da abokansa sun gwada wannan tun 2008, suka sa tsoro ya riƙa yaɗuwa a garin kwamfuta kamar ciwo na biyu. Wanda ya tsorata ya ɓuya, ciwo ya lafa, tsoro ya gushe, a fito, ciwo ya dawo zagaye na biyu. Wani kuma tsoron gudu yake sa shi, ya kai ciwon wani gari.

Sannan dubi Legas. Patrick Sawyer, wanda ya taho daga Laberiya ɗauke da Ebola, ya sauka ranar 20 ga Yulin 2014. Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ciwon ya yi ajalinta. Aka bi sawun mutum kusan 900, aka kai ziyarar ido da ido kimanin 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta rabu da Ebola. Lissafin tukwane uku ba shi da wurin da zai saka mace ɗaya da ta tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaiɗaiku yana da wurin, in mai gina shi ya san da ita.

Malamin Lissafi:
Na yarda Likita, da sharaɗi ɗaya. Kowane hali da ka ƙara wa ɗigo, lamba ce sabuwa da sai ka samo ta. Kashi nawa ke ɓuya? Bayan kwana nawa tsoro ke gushewa? In ba ka auna ba, ƙirƙira za ka yi, kuma da lambobi talatin na ƙirƙira za ka iya sa kwamfuta ta faɗi duk abin da ranka ke so. Allon yana da kyau, ɗigogi na motsi, sai mai kallo ya ɗauka gaskiya ce. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai su ƙara abu ɗaya, su gudanar, su ga me ya sauya, sannan su ƙara na gaba. Abba, kada ka zuba suna da tasha da tsoro duka a dare ɗaya.

Likitan Ƙauye:
Ban musa ba. Amma barin halin mutane a waje shi ma ƙirƙira ce, ka saka sifili ke nan ba tare da ka auna ba.

Malamin Lissafi:
Wannan kam gaskiya ne. Sai a rubuta shi ɓaro-ɓaro a cikin rahoton, mai karatu ya sani.

Abba Ɗalibi:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar. Na bi shawarar Malam, abu ɗaya na sauya. Na raba garin unguwa goma, na sa yawancin cuɗanya a cikin unguwa. Na ɗaga masu rigakafi zuwa kashi 90, na gudanar sau 500 marasa rigakafin suna warwatse, sau 500 kuma na tara yawancinsu a unguwa biyu kamar yadda Mama ta kwatanta. Yawan allurar ɗaya ne a duka biyun. A na farko, mafi yawan lokuta ciwon yakan yi ɗan tsalle ya mutu. A na biyu, in ya faɗa wata unguwar sai ya mutu nan take, amma duk ranar da ya shiga ɗaya daga cikin biyun nan sai ya cinye ta kusan kaf, sannan ya riƙa tsallakawa yana tsintar jariran da ba su kai wata tara ba a sauran unguwannin. Waɗannan jariran ne suka tsaya mini a rai, iyayensu ba su ƙi komai ba, lokacinsu ne bai yi ba.

Gidajen har yanzu biyar-biyar ne. Mama, ban san adadin da zan saka ba.

Maman Fadila:
Kada ka saka adadi ɗaya, ɗana, gidajen ba kai ɗaya suke ba. Ranar Talata muna fita zagayen gida-gida. Ka nemi takarda daga makarantarku ka kai wa shugabanmu, in ya amince ka biyo mu da littafinka. Ba za ka rubuta sunan kowa ba, ƙirga kawai: mutum nawa ke kwana a gidan, yara nawa, makaranta nawa kowane yaro ke zuwa. Ka taho da hula da ruwan sha, tun bakwai muke tashi.

Alhaji na Kwari:
In ka gama da gidajen ka zo kasuwa ka ƙirga mu mu ma. Ranar Litinin motocin Maraɗi da na Gabas ke sauke mutane a layinmu, zan sa yaro ya zagaya da kai.